Dalar Malam Khalilu

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, lokacin da gyaɗa ke cin kasuwarta a ƙasar Kano, akwai wata makarantar siniya firamare a Ɗorawa Uku, arewa da Ɗanbatta. Ajujuwa uku ne na jar ƙasa da rufin kwano, sai fili guda a bayansu, wanda dagaci ya yanka wa makaranta ba da son ransa ba. A wannan yanki ba a san ƙasa ta zauna banza ba. Gona na bin gona, shinge na bin shinge, ko akuya da damina sai a turke. Manoma in sun wuce da fartanya a kafaɗa sai su girgiza kai, su ce ga wurin da zai ba da dami talatin an bar wa yara suna tsalle-tsalle.

Mai koyar da tsalle-tsallen shi ne Malam Khalilu. Ɗan garin ne, ɗan Mani manomi, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa iyayensa. Tun yana shekara bakwai aka ɗauke shi boko, daga nan Midil, daga nan kwalejin horon malamai. Ya dawo da farin wando da takalmi sau-ciki da tafin hannu mai laushi, har tsofaffi in sun gaisa da shi sukan ɗan riƙe hannun su duba. Ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da ya riƙe abu ɗaya da hannu biyu, ya hana kansa sakewa.

A kwaleji ya samo abin, wurin wani Bature da ɗalibai suka laƙaba wa Mai Usur. Shi ya koya musu yadda ake jera 'yan wasa: 'yan gaba biyar, 'yan tsakiya uku, 'yan baya biyu, sai gola. Malam Khalilu yakan zana wa yaransa wannan a allo, ya ce su dube shi kamar dalar gyaɗa ta birni, buhu biyar a ƙasa, uku a kansu, biyu, sannan ɗaya a ƙoli. "Ku zare buhu ɗaya daga tsakiya," yakan ce, "ku ga abin da zai faru." Doka ɗaya ce tak: kowa da gurbinsa, kuma ba mai barin gurbinsa ko sama da ƙasa za su haɗe.

Akwai dalilin da ya sa dokar ta zame masa kamar karatun salla. A shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, da tsakiyar damina, saƙo ya iske shi cewa mahaifinsa ba shi da lafiya. Saura kwana shida jarrabawar fita. Ya je wurin Mai Usur neman izini, Baturen ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Khalilu, mutumin kirki ba ya barin gurbinsa." Ya tsaya, ya rubuta jarrabawa, ya zo na ɗaya. Da ya iso gida ya tarar ana sadakar bakwai. Tun daga ranar ba ya yarda a taɓa wannan doka, don in ta zama ba gaskiya ba ce, to bai san abin da zai ce da kansa ba.

Shekara huɗu bayan haka Allah ya haɗa shi da Muntaka ɗan Sammani. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyar, mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, na ɗaya a lissafi. Shi ne ɗan tsakiya na tsakiya, wato buhun da dala ta dogara a kansa. Aibinsa ɗaya. Da zarar ya ga an matsa wa ɗaya daga cikin 'yan baya, sai ya saki tsakiya ya ruga can. An yi faɗa, an yi bulala, an sa shi ya nome bayan aji, duk kamar ana zuba ruwa a kwando.

A wannan daminar kuma kurkunu ya kama Talle, ɗan baya na hagu, a idon sawu. An naɗe tsutsar a tsinke an zare ta, amma gyambon bai rufe ba. Talle ya ɗaure da tsumma ya ce ya warke, kowa kuma ya yi kamar ya yarda, don manyan yaran da ke iya dukan ƙwallo a makarantar goma sha ɗaya ne cif.

Ana nan sai takarda ta zo. Mai Usur ya zama Baturen Makaranta, kuma ranar Asabar zai zo da yaran wata makarantar birni a yi wasa. A ranar ne kuma zai karɓi takardun masu neman shiga sakandare, kowacce da shaidar malami a kan halin yaro. Kowa ya san layi ɗaya marar kyau a wannan shaida ya isa ya rufe wa yaro ƙofa har abada. Takardar Muntaka tana aljihun teburin Malam Khalilu, wurin shaidar ba a cike ba tukuna.

Ranar Laraba da yamma ana gwaji, aka zille wa Talle, sai ga Muntaka a bayansa ya kwashe ƙwallo. Malam Khalilu ya busa usur har kunnensa ya yi ƙara.

"Muntaka, ina gurbinka?"

"Tsakiya, Malam."

"To me ya kai ka bayan Talle?"

"Na ga an wuce shi ne, Malam, sai na tarbe shi."

"Ka yi me?"

"Tarbe, Malam. Irin na gona."

Yara suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ita dariyar ce ta ƙarasa fusata shi, da tunanin Mai Usur zaune yana kallon dalarsa tana rushewa. Ya ce, "Nan ba gonar ubanka ba ce. Wallahi in ka bar gurbinka ranar Asabar ko sau ɗaya, sai na rubuta a takardarka cewa ba ka jin magana." Dariya ta ɗauke. Muntaka ya ce, "To, Malam," ya koma tsakiya.

Ƙauye ba ya riƙe magana. Washegari bayan la'asar Malam Khalilu ya shiga gaida mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ya same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, yanzu kuma ta samu sauƙi tana ce masa Malam kamar kowa.

Ta ce, "Malam, an ce ka yi wa yaron Sammani rantsuwa."

"Harkar makaranta ce, Inna."

"To. Ni ban san ta makaranta ba, ta gona na sani. Ka san tarbe?"

"Ina jin ana faɗa."

"Ana faɗa," ta maimaita, ta watsa ganye a ƙwarya. "In an jeru ana noma, kowa da kunyar da yake bi. Wanda ya ga an bar ɗan'uwansa a baya ba ya wucewa inuwa. Zagayawa yake ya shiga kunyar mutumin ta ɗaya bakin, yana nomowa har su haɗu. Ba ya ɗaga kai, ba ya magana, don kada a ce wane ya gaza. Haka ake yi a garin nan tun kafin a haife ni."

Ta ƙara watsa ganye a ƙwarya, ta ci gaba.

"Daminar da babanka ya bar mu, ciwon ya daɗe yana cinsa, amma ya ƙi kwanciya. Lokacin maimai ne, noma na biyu, ciyawa ta taso. Gonarmu da ta Sammani iyaka ɗaya. Kullum da safe Sammani zai bar tasa, ya zagayo ta ɗaya bakin, shi da yaron nan, yana riƙe da 'yar fartanyarsa. Kwana goma sha biyu suna yi. Rabin geronsu ciyawa ta cinye a shekarar. Namu kuwa shi ka ci da ka dawo ka kama aiki." Ta ɗauko wani reshen. "A kan kunya ya faɗi, saura taki kaɗan su haɗu. Yaron ne ya rugo ya gaya mini."

Malam Khalilu ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce, "Me ya sa ba a taɓa gaya mini ba?"

"Mai tarbe ba ya faɗa. Kai kuma ba ka tambaya ba."

Ya daɗe zaune yana kallon ƙwaryar. Da ya tashi magana sai ya ce, "Inna, gona daban, ƙwallo daban."

Ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Bai janye rantsuwar ba. Magana zarar bunu ce, ga shi a gaban yara ya yi ta, ga kuma Mai Usur na tafe. Ya yi kwana biyu yana gaya wa kansa cewa don amfanin yaron yake yi.

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwa, fili ya jiƙe, ƙwallon fata ta sha ruwa ta yi nauyi. Da hantsi motar Bature ta iso, babbar mota na biye da yaran birni, kowannensu da takalmin kambas, namu kuwa ƙafa a ƙasa. Aka ajiye wa Mai Usur kujera a gindin ɗorawa. Ya ƙara tsufa, furfura ta ƙaru, sai da ya ɗan yi tunani kafin ya gane tsohon ɗalibinsa. Mutanen gari suka kewaye fili, har da masu cewa an ɓata ƙasa. Can gefe ga Sammani, siriri, ya jingina da ƙotar fartanyarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba a yi minti biyar ba yaran birni suka gane tsumman da ke ƙafar Talle, suka mai da duk wasan ɓangarensa. Suna da wani dogon yaro a gefen dama, da ya karɓi ƙwallo sai ya tura ta gaba ya bi, Talle na ɗingishi a bayansa. Aka ci ɗaya. Aka ci biyu.

Malam Khalilu ya so ya bi ƙwallo da ido, amma idonsa ya ƙi barin Muntaka. Duk sanda aka wuce Talle sai jikin yaron ya karkata baya, ya ɗaga ƙafa, sannan ya dasa ta a laka ya tsaya cik, kamar akuyar da igiya ta ƙare mata. Yana tsaye a gurbinsa daidai yadda aka zana a allo, ba kowa kusa da shi, ba abin da yake tsarewa.

A ta uku Talle ya yi ƙoƙarin juyawa, ƙafar ta ƙi, ya faɗi. Tsumma ya kwance, jini ya biyo ruwan laka. Ya bi dogon yaron da rarrafe taki biyu kafin ƙwallo ta wuce gola. Muntaka bai dubi ƙwallon ba, malaminsa ya duba. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne, kallo ne na mai jiran a ce masa wani abu. Malam Khalilu kuwa ba fili yake gani ba a lokacin. Gona yake gani da mutum ɗaya a sunkuye, da ɗaya bakin kunyar inda ya kamata a ce ɗan mutumin ne ya shigo. Baƙin cikin da ya danne shekara huɗu ya taso masa gaba ɗaya.

Mai Usur ya cire lofe daga bakinsa ya ce da irin Hausarsa, "Yaranka suna riƙe gurbi da kyau, Khalilu."

Aka busa hutun rabin lokaci. Yara suka zube a gefen fili, ba mai kallon wani. Malam Khalilu ya zo ya tsuguna a tsakiyarsu, farin wandon ya sha laka bai kula ba. Ya sake ɗaure wa Talle ƙafa da hankicinsa, sannan ya juya.

"Muntaka, in mutum ya zagaya tarbe tun bai gama tasa kunyar ba, wa ke riƙe masa?"

Yaron ya ɗan yi jim, yana tsoron ko tarko ne. Ya ce, "Ai ba a barin ta, Malam. Na kusa da shi ne ke matsowa su raba. Sahun yakan ɗan lanƙwashe, amma ba ya tsinkewa."

"Nuna mini a ƙasa."

Muntaka ya ɗauki kara ya zana a laka. Shi zai koma tsakanin 'yan baya biyu su zama uku, Talle ya matso ciki inda gudu bai da yawa. In dogon yaron ya taho, ɗan tsakiya na hagu ya fara tare shi, Muntaka na jira a bayansa. 'Yan gaba biyu na ciki su sauko su toshe wurin da aka bari. In ƙwallo ta dawo ƙafarmu, kowa ya miƙe ya koma inda yake. Sauran yaran suna ta gyaɗa kai tun bai gama ba, don ba wanda bai taɓa yin haka da fartanya ba.

"Haka za ku yi," in ji Malam Khalilu.

Muntaka bai tashi ba. Ya ce a hankali, "Malam, rantsuwar fa?"

"Rantsuwa tawa ce, kaffararta ma tawa ce. Tashi ka je."

Abin da aka gani bayan hutu ba dala ba ce, ba kuma abin da za a iya zanawa sau ɗaya a allo ba ne. In yaran birni sun taho ta hagu, sahun baya ya zame hagu. In sun juya dama, ya bi su. Dogon yaron ya wuce mutum ɗaya ya tarar da na biyu, ya wuce na biyu ya tarar da Muntaka, har ya gaji ya fara yi wa 'yan'uwansa tsawa. Talle ya tsaya a 'yar da'irarsa ya kwashe ƙwallo huɗu da lafiyayyar ƙafar. Duk wannan kai-da-kawowa Muntaka bai dube shi ko sau ɗaya ba, bai kuma ce masa uffan ba. Manoman da ke gefe su suka fara gane abin da ake yi, aka ji wani tsoho yana cewa, "Yauwa, yanzu suka fara noma." Ba a ƙara cin Ɗorawa Uku ba, kusa da tashi ma suka rama ɗaya. Aka tashi uku da ɗaya.

Malam Khalilu ya nufi gindin ɗorawa ya shirya wa faɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na rushe tsarin da ka koya mana."

Mai Usur ya yi dariya. "Ka yi daidai. A ƙasarmu an daɗe da barin wancan, tun kafin in zo nan. Baya uku ake yi. Na koya muku shi ne don ya fi sauƙin zanawa a allo."

Malam Khalilu ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka tuna ranar da na zo neman izini in je ganin mahaifina, ana saura kwana shida jarrabawa?"

Baturen ya yamutsa goshi, ya yi ƙoƙari tsakani da Allah. "Ban tuna ba. Ya samu sauƙi?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe."

"Ayya. Sannu, Khalilu." Ya duba agogonsa, ya ce a kawo takardun yara, yana so ya wuce Ɗanbatta kafin ruwa ya sake saukowa.

Malam Khalilu ya shiga aji shi kaɗai ya jawo aljihun tebur. Ya fito da takardar. A wurin shaidar Muntaka ya rubuta cewa yaro ne mai jin magana, mai hankali, wanda ba ya barin ɗan'uwansa shi kaɗai. Ya sa hannu. Yana miƙa takardar ya san abin da ya yi: in Allah ya yarda baɗi war haka Muntaka yana birni, gonar Sammani kuma ta rasa fartanya ɗaya, yadda ta Mani ta rasa.

Ranar Lahadi da sassafe ya auna gero na ciyar da mutum goma, ya ba Inna Kaltume ta raba na kaffara. Sannan ya tambaye ta ina fartanyar babansa. Ta shiga ɗaki ta fito da ita daga bayan gado, ba ko tsatsa a jikinta. Ya tuɓe takalmi ya bar shi a zaure.

Sammani shi kaɗai ne a gona, don Muntaka ya ɗora Talle a jaki ya kai shi ɗakin shan magani. Tsohon yana sunkuye, yana yi yana tsayawa yana dafa ƙugu. Malam Khalilu bai yi sallama ba. Ya bi ta bakin shinge ya zagaya can ƙarshen gonar, ya ƙirga kunyoyi har ya gano wadda mutumin ke bi, ya sunkuya ya shiga.

Bai iya ba, gaskiya ɗaya ce. Ya sare gero biyu a zaton ciyawa ce, bayansa ya riƙe, kafin ya ci rabin rabi hannunsa ya yi bororo ya fashe. Bai ɗaga kai ba. Yana jin ƙarar ɗaya fartanyar tana matsowa, tana matsowa, har ƙasar da take watsowa ta fara zuba a kan ƙafarsa.

Suka haɗu. Sammani bai dubi fuskarsa ba, ƙotar fartanyar ya duba, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Sannu, ɗan Mani."

Rabon da a kira shi haka tun yana shekara bakwai. Sammani ya taka ya kama kunya ta gaba, Malam Khalilu kuma ya share fuska da bakin riga, ya saɓa fartanya ya sake zagayawa ɗaya bakin.